Lissafin Fagen Daga a Gidan Burodi

Mai Burodi, Rigasa:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema, a yi haƙuri da tsawon bayani.

Shekarata tara da buɗe gidan burodi a nan Rigasa. Ma'aikata 23 ne a hannuna: shida a kwaɓi, uku a bakin tanda, biyar a yanka da ƙullin leda, bakwai masu fita rabo da babur da keke, sai mai gadi da yaron da ke riƙe min littafi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 komai ya tashi, fulawa, sukari, bota, har ledar. A da buhu 20 muke kwaɓawa a rana, yanzu da ƙyar muke kai 12. Ga wani babban gidan burodi ya shigo yankin da motoci, masu rabonsa sun ninka nawa.

Ɗan yayana da ke karatu ya zo min da wata magana. Wai akwai lissafin da sojoji ke yi kafin a gwabza, mai nuna wanda zai yi galaba, kuma wai kamfanoni na auna ma'aikata da shi. Shawararsa biyu ce. Ta farko, in ba kowane ma'aikaci maki, in sallami biyar na ƙasa. Ta biyu, in janye masu rabo daga Kawo da Mando da Tudun Wada in tara su duka a Rigasa. Ta biyun ta ɗan kwanta min. Ta farkon ce ta hana ni barci, don cikin waɗanda za su faɗo ƙasa akwai dattijon da muka kunna wutar farko tare. Waɗanda suka san abin nan su taimaka, gaskiya ne ko zancen takarda?

Ɗalibi, Tudun Wada:
Baffa, tunda ka kawo ta zaure bari in yi bayani da bakina, kar a ɗauka haka kawai na ce a kori mutane.

Wani injiniya ne ɗan Ingila, Frederick Lanchester, ya fitar da lissafin a 1916, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ya ce idan runduna biyu na harbin juna daga nesa, kowa na iya saita kowa, to ƙarfin runduna ba adadinta ba ne kawai, adadin ne za a ninka da kansa. Soja 1,000 su gamu da 500, makami ɗaya, horo ɗaya. Mutum zai zaci 500 ne za su rage a ɓangaren masu yawa. Lissafi ya ce 866 ne za su rage, bayan sun gama da ƙananan kakaf. Kuma idan abokin gaba ya ninka ka a yawa, sai ka fi shi ƙwarewa sau huɗu kafin ku yi kunnen doki.

Shi ya sa na ce mutum bakwai da muka watsa unguwa huɗu cinye su ake yi ɗai-ɗai. A Japan wani mai suna Nobuo Taoka ya ɗauki wannan lissafi ya mayar da shi dabarar sayar da kaya, har suka sa ma'auni: kashi 26.1 cikin 100 na kasuwa ka kafa ƙafa, 41.7 ka zauna daram, 73.9 kasuwa ta zama taka. Abin da suke koya wa ƙaramin ɗan kasuwa shi ne ya zaɓi ɗan fili, ya fi kowa ƙarfi a cikinsa. Mu ma ai mun san sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Malamar Lissafi, Unguwar Rimi:
Wa alaikumus salam. Ɗana, 866 ɗinka daidai ne. Dubu sau dubu miliyan ɗaya, 500 sau 500 kuma 250,000, a cire saura 750,000, adadin da za ka ninka da kansa ya ba ka wannan shi ne kusan 866. Ba ni da ja a nan.

Amma doka biyu Lanchester ya kawo, ka faɗi ɗaya ka bar ɗaya. Ɗayar ta faɗan takobi ce, mutum da mutum, kamar a ƙofar gari inda ba a iya shiga sai bibbiyu. A nan yawa ba ya ninkuwa, don na baya tsaye kawai suke suna jiran na gaba ya faɗi. Dokar ninkin ba ta aiki sai in kowa na iya sa hannu a lokaci guda. To Alhaji, gidan burodinka wanne ne? Tanda tana da adadin gwangwanin da take ci. Ka tara mutum goma a bakinta, burodi ɗaya ba zai ƙaru ba. Bakin tanda ƙofar gari ce.

Sai abu na biyu, wanda ya fi damuna. Gaba ɗaya lissafin a kan kashe juna aka gina shi: kowane harbi yana rage adadin masu harbin ka. Mai rabon wancan gidan ba ya rage maka ma'aikaci. Gobe da safe bakwai ɗinka za su fito kamar jiya. Abin da ake ƙwace maka teburin mai shayi ne da kantin unguwa, kuma su masu hankali ne, zaɓi suke yi, ba ƙasa ba ce da ake mamayewa.

Ko a yaƙin ma ba ko'ina ya zauna ba. A 1954 wani mai suna Engel ya gwada shi da alƙaluman yaƙin Iwo Jima na 1945, ya dace sosai. Da aka gwada shi a kan yaƙin Kursk na 1943, bai zauna haka ba.

Tsohon Samanja, Mando:
Malama, Allah ya ƙara ilimi. Ni ban yi lissafin nan ba, na hafsoshi ne da ke zuwa kwalejin soja ta Jaji. Ta Zariya na shiga a matsayin kurtu, na je Laberiya da rundunar kiyaye zaman lafiya ta ECOMOG, na yi ritaya ina samanja. Abin da na sani faretin safe ne.

Kowace safiya kafin kwamanda ya zauna sai na kai masa takarda. A rubuce mutum 120 ne, misali. Amma wane yana asibiti, wane yana hutu, wane an tura shi kwas, waɗannan sun kwana gadi idonsu bai ga barci ba. In aka ce a tashi yanzu, wataƙila 80 ne za su hau mota. Cikin motocin kuma nawa ne za su tashi? Mai nawa ke ciki? Harsashi na kwana nawa ne? Ruwan sha fa? Akwai yaron da takalminsa ya yage ya ɗaure da waya, a takarda cikakken soja ne, amma bayan tafiyar awa uku ɗaukarsa za a yi. Kwamandan da ya san aiki ba ya tambayar mutum nawa ne da ni. Nawa ne a shirye, shi yake tambaya.

Kuma bayan duk sojan da ka gani da bindiga akwai kuku, direba, makanike, mai sito, mai magani. Ba sa harbi, in ka ƙirga harsashi sifiri za su ci. Cire su ka ga kwana nawa masu harbin za su yi.

Alhaji, ka amsa min tsakani da Allah. Cikin ababen hawa bakwai, nawa ke tashi da bugu ɗaya da asuba? Ƙarfe nawa burodi ke barin gida? Albashi ranar nawa ga wata yake shiga hannunsu?

Mai Burodi, Rigasa:
Baba Samanja ka taɓo inda ke min ciwo. Babura biyu kusan kullum suna wajen makanike, masu su kan jira wani ya dawo su karɓa. Burodi kan fita bakwai da rabi, wani lokaci takwas, don in an ɗauke wuta sai mun tada janareta, ni kuma nakan ja lokaci saboda tsadar gas. Albashi kuwa, wata uku ke nan sai goma ga wata nake kammalawa.

Mai Shayi, Bakin Ruwa:
Alhaji, ni ba na karɓar naka, amma bari in faɗa maka yadda muke. Ana sallame asuba nake hura wuta. Shida da kwata 'yan keke da leburori sun cika benci. In ba burodi a kan tebur a lokacin, cinikin safe ya wuce ni, don mutum ba zai tsaya jira ba, teburin gaba zai koma. Duk wanda ya riga zuwa shi ne nawa. Bakwai da rabi ai na wanke kofuna zagaye na biyu.

Sai kwantai. Gidan da ke karɓar abin da ya kwana ya canza min, ba na barinsa ko da nasa ya ɗan fi tsada. Sai kuma yaron da ke kawowa. Wanda na saba da shi ya san ranar Juma'a ina ƙara goma, ya san in ruwan sama ya hana ciniki zai bar min zuwa gobe. Ranar da aka canza shi aka turo baƙo, sai mun fara daga farko, wani lokaci a nan ake rabuwa.

Ɗalibi, Tudun Wada:
Na karɓi gyaran Malama a kan tanda. Amma maganar maki ba daga Lanchester na ɗauko ta ba. Akwai wani kanar na sojan Amurka, Trevor Dupuy, da ya bi yaƙe-yaƙen da aka yi a Italiya a 1943 da 1944 ɗaya bayan ɗaya, ya sa wa ƙwarewa lamba. Ya gano cewa sojan Jamus 100 daidai suke da kusan 120 na Amurka ko Ingila. Ke nan ƙwazo abu ne da ake iya aunawa. In an auna na soja, me zai hana a auna na mai kwaɓi? Baffa yana biyan kowa kusan daidai, alhali wani aikin mutum biyu yake yi, wani kuma rabin mutum. Wannan ma ai zalunci ne ga mai ƙoƙari.

Malamar Lissafi, Unguwar Rimi:
Madalla da ka kawo Dupuy, don shi ne zai warware mana. Ka duba yadda ya kai ga lambar. Sai da ya fara auna makaman kowane ɓangare. Sannan ya cire tasirin wuri, dutse ne ko fili. Ya cire na yanayi, ruwa ko laka. Ya duba wa ke kai hari, wa ke cikin rami yana tsaro, wa aka yi wa ba-zata, wa ke da jiragen sama. Bayan ya cire duk waɗannan, ɗan abin da ya rage wanda lissafi bai bayyana ba, shi ya kira ƙwarewa, ya ce a cikinsa akwai shugabanci da horo da sabo da ƙarfin zuciya. Kuma runduna sukutum ya ba lambar. Bai taɓa bin soja ɗai-ɗai ya ce wannan kofur 1.2 ne, wancan 0.8 ba.

Kai kuma so kake ka tsallake duk wannan aiki ka je kan mutum. Ɗauki masu rabo biyu. Ɗaya yana zagaya Rigasa da keke mai lafiya, ɗaya yana tafiya Mando da babur ɗin da ke mutuwa a hanya, ya isa rana ta take. Ka ƙirga burodin da kowa ya sayar, na Mando zai zo ƙarshe. Ba shi ka auna ba, babur ka auna da nisan hanya.

In ana son bin Dupuy da gaske, ga yadda za a yi: a kwatanta masu aikin dare da na rana, fulawa ɗaya, tanda ɗaya, a rubuta buhu nawa, burodi nawa ya fito, nawa ya ƙone, nawa ya dawo, wuta ta ɗauke ko ba ta ɗauke ba. A yi wata guda. Bambancin da ya rage bayan haka, shi ne abin tattaunawa.

Tsohon Ma'aikacin Masaƙa, Kakuri:
Barkanmu da war haka 'yan'uwa. Tun ɗazu nake karantawa, zuciyata ba ta yi min daɗi ba, gara in faɗa.

Kalmomin nan da kuke amfani da su, runduna, asara, waɗanda suka rage, na san inda suke kai mutum. A lissafin yaƙi an riga an yarda wasu za su mutu, tambayar kawai nawa. Ranar da mai gida ya fara kallon ma'aikatansa da wannan ido, ya gama yanke hukunci, dalili kawai yake nema.

Shekara 19 na yi a gaban injin saƙa. Ku da ba ku ga Kakuri a da ba, in aka busa tashi daga aiki titi ba ya biyuwa saboda kekuna. Masaƙar KTL ta fara aiki a 1957, ta tsaya a 2002. Masaƙar UNTL ta rufe a 2007. Akwai wanda zai ce min ragwancin ma'aikata ne ya kashe su? Wuta ce babu, baƙin mai ya yi tsada, atamfar fasa-ƙwauri ta cika kasuwa, injuna sun tsufa. Amma a masaƙar da na yi aiki, duk lokacin da abu ya matse, mu ake fara ƙirgawa. An taɓa kawo mana tsarin ƙirga yadi, kowa da adadin da zai cika. Sai mutane suka daina tsayar da inji in zare ya tsinke, don kar lambarsu ta sauka. Yadi ya ƙaru a takarda, wanda ake mayarwa saboda aibi ya fi ƙaruwa. Akwai wani dattijo a layinmu da yake jin ciwon inji da kunne, yana wucewa zai ce a tsayar da na huɗu, kafin ya lalata dila guda. Shi ba ya saƙa yadi ko ɗaya. Yana cikin rukunin farko da aka sallama.

Alhaji, ka biya su a kan lokaci tukuna, sannan ka auna su.

Akanta, Barnawa:
Baba na Kakuri, abin da ka gani ya faru a wuri mafi girma. Robert McNamara shugaban kamfanin Ford ne a 1960, ya zama sakataren tsaron Amurka daga 1961 zuwa 1968, ya tafi da ƙaunar alƙaluma. A yaƙin Biyetnam sai aka mayar da adadin gawar abokan gaba ma'aunin nasara. Na ƙasa suka gane abin da na sama ke son ji, lambobi suka riƙa kumbura, a takarda ana cin yaƙi, a ƙasa ana rasa shi. Duk abin da ka ce da shi za ka yi hukunci, shi za a kawo maka.

Amma ku yi haƙuri, zan saɓa wa zaure kaɗan. Kowa na tausayin ma'aikata, ni ma haka. Sai dai mutum 23 ne suke kwaɓa buhu 20, yau mutum 23 ɗin ne a kan buhu 12. Kuɗin aikin da ke kan kowane buhu ya ƙaru da kashi biyu cikin uku, tun kafin a yi maganar ƙarin albashi, ga shi tun Yulin 2024 mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya koma naira 70,000, ko ba ka kai can ba ma'aikaci ya ji labari. Jinkirin albashin da Alhaji ya faɗa ba mugunta ba ce, alama ce cewa ana cin uwar kuɗi. In gidan ya rufe, ba biyar za su tafi ba, 23 ne. Yaron nan bai yi laifi ba da ya ce a yi lissafi. Inda ya kuskure shi ne abin da ya zaɓa ya ƙirga.

Hajiya Mai Ɗinki, Kasuwar Barci:
Ni ta ɓangaren ƙarin ma'aikata na ɗanɗana. Ƙaramar Sallar bara, saura kwana goma, kaya sun taru, teloli shida ne da ni, na ɗauko shida na haya. Na ce aiki zai ninka. Wallahi baya muka ci. Keke takwas ne a shagon, mai yanka ɗaya, dutsen guga ɗaya. Tsofaffin suka bar ɗinki suna nuna wa baƙi inda zare yake da yadda muke kafa wuya. An haɗa hannun rigar wata da jikin ta wata, sai da aka farke. Daren Sallah ina shago har kiran assalatu, mata uku ban ba su kayansu ba, ɗaya har yau ba ta dawo ba.

Malamar Lissafi, Unguwar Rimi:
Hajiya, naki ma yana da lissafi. Mutum shida, in kowa zai yi magana da kowa, hanya 15 ce. Mutum 12 kuwa hanya 66. Ma'aikata sun ninka sau biyu, wuraren da za a samu rashin fahimta sun haura ninki huɗu.

Malamin Islamiyya, Unguwar Sanusi:
Ba sai mun je Turai ba. A Uhudu, shekara ta 3 bayan Hijira, maharba 50 aka ajiye a kan tudu aka ce kada su sauka. Da mafi yawansu suka bar wurin, yaƙin ya juya, alhali adadin runduna bai canza ba. A Hunaini Musulmi 12,000 ne, yawan ya burge su, farkon karon sai da aka watse. A nan ƙasarmu kuma, a Tafkin Kwatto a 1804, jama'ar Shehu ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo akasarinsu 'yan baka ne, dawakinsu kaɗan, suka karya rundunar Sarkin Gobir Yunfa mai barade da lifidi.

Alhaji, kafin komai ka tuna da hadisin da ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. In sallama ta zama dole, halal ce, amma a yi ta da sanarwa da cikakken haƙƙi, ba a fake da lamba ba.

Tsohon Samanja, Mando:
Akanta ya yi gaskiya, ba na musu. Amma akwai abin da takardar yaron nan ba ta nuna ba. A lissafinsa ana faɗa har sai mutum na ƙarshe ya faɗi. A fili ba haka ake yi ba. Runduna kan karye tun mafi yawanta na da rai. Abin da ke karya ta shi ne mutane su ga an zagaye su, ko su ga na sama ba ya tare da su, ko su ga an bar wanda ya ji rauni a baya. Soja ba don tuta yake tsayawa a rami ba a wannan lokacin, don na kusa da shi ne, wanda suka ci a kwano ɗaya.

Ka sallami biyar ranar Litinin da takardar maki, musamman dattijon da kowa ya san da shi aka fara. 18 ɗin da suka rage jikinsu na wurinka, idonsu na ƙofa. Kuma masu ƙwazon ne za su fara tafiya, don su ne wancan gidan zai karɓa hannu bibbiyu, su tafi masa da masu shayinka.

In kana son aron wani abu daga soja, ga wanda ba ya cin ko sisi. Bayan kowane aiki a zauna a yi tambaya huɗu. Me muka yi niyya? Me ya faru? Me ya jawo bambancin? Me za mu gyara gobe? Sojan Amurka ne suka mayar da shi ƙa'ida, kamfanoni suka kwaikwaya. Sharaɗinsa ɗaya: a wannan zaman ba babba ba yaro, kuma ba a hukunta mutum da abin da ya faɗa. Minti goma sha biyar ya isa. Ranar farko ba wanda zai yi magana. Kai za ka fara, ka ce jinkirin janareta laifinka ne.

Akanta, Barnawa:
In ƙara a kan na Baba Samanja. A 1943 wani masanin lissafi, Abraham Wald, ya yi aiki a kan jiragen yaƙin Amurka da ke dawowa da hujin harsashi. Ya nuna cewa hujin da ake gani na jiragen da suka tsira ne. Wuraren da ba a cika ganin huji ba, kamar inji, su ne in an samu jirgi a nan ba ya dawowa a ƙirga shi. Alhaji, buhu takwas ɗin da ka rasa suna hannun mutanen da suka daina karɓar burodinka. Littafinka ba ya maganarsu, don ba sa ciki. Ka je ka same su da ƙafarka. Haka ma'aikatan da suka bar ka da kansu.

Ɗalibi, Tudun Wada:
Na janye maganar maki, Baba na Kakuri ka yafe ni in na ɓata maka. Amma tattara ƙarfi ina nan a kai. A yaƙin teku na Trafalgar a 1805 Nelson, kwamandan Ingila, na da jiragen ruwa 27, Faransa da Sifen na da 33. Ya ratsa layinsu ya raba su, ya taru a kan wani sashe kafin sauran su juyo, Ingila ba ta rasa jirgi ko ɗaya ba. Mu ma ba za mu iya da wancan gidan a duk Kaduna ba, amma a layukan Rigasa muna iya riga shi isa kowane tebur.

Tsohon Samanja, Mando:
Wannan na yarda da kai, ɗana, amma ba don ninki ba, don kusa ce: mai kaɗan, lokaci kaɗan, kuma an san ku. Sai dai ka sani ja da baya ya fi kai hari wuya. Akwai bashinku a hannun mutanen Kawo da Mando. Ranar da suka ji kun daina zuwa, karɓarsa sai an sha wuya. A bi su a yi sallama ta mutunci, a tattaro kuɗi, sannan a janye.

Mai Burodi, Rigasa:
Salam. Yau kwana 16 da na kawo maganar nan, na ga ya kamata in dawo da bayani.

Na zagaya wurin mutum 14 da suka daina karɓa. Tara sun ce latti ne. Uku sun ce kwantai. Biyu ne kawai suka ambaci farashi. Na sayar da babur ɗaya na gyara ɗayan da kuɗin. Mun bar Kawo da Mando bayan mun karɓo abin da ya samu, akwai sauran da ban sa rai ba. Tudun Wada na riƙe ta. Kwaɓi ya koma ƙarfe ɗaya na dare, in ba wuta a tada janareta nan take, ba sai an kira ni ba.

Zaman tambaya huɗu mun yi shi sau tara. A na uku wani yaron leda ya ce duk ranar da dattijo bai zo ba sai tire biyu ko uku sun ƙone. Na koma littafi na duba, haka ne. Shi ba ya ɗaukar buhu, ba ya gudu, hannu kawai yake miƙawa bakin tanda ya ce a rage itace ko a jira. Na haɗa shi da yara biyu ya koya musu.

Jiya buhu 14 muka kwaɓa. Ban sallami kowa ba, amma masu leda biyu sun koma rabin yini da yardarsu, kuma albashin wannan wata ya fita ran biyu.

Akanta, Barnawa:
Alhamdu lillahi. Amma 14 ba ta ɗauke mutum 23 ba tukuna, Alhaji, kar mu ruɗi kanmu. Ka ci gaba da rubutun da Malama ta ce har wata ya cika, ka turo min da kuɗin gas da na fulawa a gefe, mu ga buhu nawa ne ke mayar da kuɗin gida. In ba a kai can ba zuwa ƙarshen wata mai zuwa, maganar ragi za ta dawo, gara ka sanar da su tun yanzu.

Mai Shayi, Bakin Ruwa:
Alhaji, yaronka ya biyo ta wurina shekaranjiya, shida saura minti goma, na karɓi 15 na gwaji. Burodin ba laifi. Sai dai da zafinsa aka ƙulle, ledar ta yi gumi, na ƙasan sun dameƙe. A bar shi ya sha iska kafin a sa leda. Gobe ya kawo 20.

Mai Burodi, Rigasa:
Na gode, za a kawo. Wurin shanyawar ne ya yi mana kaɗan tunda muka matso da lokaci. Akwai wanda ya san mai walda a Panteka da zai haɗa min kanta mai hawa biyar kafin Juma'a?